Sufeto da Saja ba sai sun yi aure ba: Giɓin da ke cikin fina-finan Hausa masu dogon zango

A shagunan cajin waya na Ɗanzomo da Gumel da Maigatari, inda matasa ke miƙa waya ko memori a tura musu fim a kan ƴan kuɗi kaɗan, kusan kowane irin labari akwai shi. Akwai na Indiya da aka fassara, akwai na Turkiyya da na Koriya, ga kuma na gida masu dogon zango da ake jira mako-mako. Abin da zai yi wuya mutum ya samu a cikin na gidan shi ne labarin namiji da mace da aiki ya haɗa su, suka yarda da juna, suka shafe shekaru kowa yana kare ɗan'uwansa, kuma har aka rufe labarin babu wanda ya ce yana son wani.

Mai kallo ma ya riga ya haddace ƙa'idar. Da zarar an nuna saurayi da budurwa a ofis ɗaya, ko likita da nas a asibiti ɗaya, sai a fara lissafi: a kashi na nawa za a fara satar kallo, a na nawa uwargida za ta ji ƙishin-ƙishin, a na nawa za a kai kuɗin gaisuwa. Ba kasafai lissafin ke kuskure ba. Aikin da aka ce shi ya haɗa su kuwa, tun a kashi na uku ake mantawa da shi, ofishin ya koma wurin zance.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai nishaɗi ne. Akwai abu a ciki. Jama'ar da ba su saba ganin namiji da mace suna aiki tare cikin mutunci a talabijin ba, za su sha wahalar yarda da hakan idan suka gan shi a caji ofis ko a bakin iyaka. Waɗanda wannan zato ke cutarwa su ne matan da ke sanye da kaki, da kuma matan da ke buƙatarsu a ranar da abu ya ɓaci. Lokaci ya yi da masu shirya fina-finan Hausa za su gwada wata hanyar, kuma babu fagen da ya fi dacewa da gwajin kamar fim ɗin binciken laifi.

Me ya sa kullum su biyu ne?

Tun 1887, lokacin da marubucin Birtaniya Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes da abokinsa Dakta Watson, labarin bincike ya zauna a kan mutum biyu. Dalilin a fili yake. Aikin mai bincike a cikin kai ake yin sa, kuma kyamara ba ta ɗaukar tunani. Dole a samu wanda zai tsaya kusa da shi yana tambaya, yana musu, yana cewa bai gane ba, domin mai kallo ya ji yadda aka bi sawu har aka kai ga ɓarawo. Da tafiya ta yi nisa, sai masu kallo suka fi damuwa da mutanen biyu fiye da laifin kansa. Gawar wannan makon ana mantawa da ita kafin mako mai zuwa, amma gardamar da suka tafka a cikin mota tana nan a zuciya.

Masu bibiyar tashoshin Indiya sun ga haka a shirin CID, wanda tashar Sony ta fara nunawa a 1998, ya shafe shekara 20 kafin ya tsaya a 2018, sannan ya dawo a ƙarshen 2024. An yi kashi sama da 1,500, kuma da wuya a samu mai iya kawo laifi biyar daga ciki. Amma kowa yana tuna Daya mai fasa ƙofa da amininsa Abhijeet. To waɗannan maza ne biyu, babu mai cewa uffan. Magana tana tasowa ne idan ɗayan mace ce.

Gidajen talabijin na Amurka sun daɗe da gano cewa jan rai yana kawo kasuwa. A shirin Moonlighting da aka fara a 1985, Bruce Willis da Cybill Shepherd sun fito a matsayin masu bincike biyu da ba sa rabuwa da faɗa, masu kallo kuma suna ta jiran ranar da za su amsa cewa suna son juna. A 1987 aka haɗa su. Daga nan farin jinin shirin ya fara dusashewa, har aka rufe shi a 1989. Akwai wasu dalilan da suka taimaka, kamar jinkirin ɗaukar shirin da yajin aikin marubuta na 1988, amma sunan Moonlighting ya zama abin ba da misali a tsakanin marubutan talabijin a duk lokacin da ake gargaɗin kada a haɗa masu bincike soyayya. Duk da haka ba a daddara ba. Mulder da Scully na The X-Files sun ƙare da ɗa a tsakaninsu, na Bones da na Castle kuwa sai da aka sha biki. Wato ba Kannywood kaɗai ke fama da wannan ciwo ba.

Waɗanda suka ƙi bin hanyar

A 2012 tashar CBS ta ɗauko tsohon labarin Holmes ta kai shi birnin New York, ta kuma mayar da Watson mace, a shirin da ta kira Elementary. Jonny Lee Miller ne Sherlock, Lucy Liu ce Joan Watson, tsohuwar likitar tiyata da mahaifinsa ya ɗauka aiki domin ta sa masa ido bayan ya fito daga cibiyar gyaran masu shan miyagun ƙwayoyi. Kowa ya ɗauka ya san inda aka dosa. Sai dai wanda ya ƙirƙiro shirin, Robert Doherty, ya bayyana tun farko cewa waɗannan biyun ba za su zama masoya ba, kuma ya tsaya a kan bakansa har zuwa 2019: zango 7, kashi 154.

Labarin bai rasa armashi ba saboda haka. Joan ta fara a matsayin mai gadinsa, ta koma ɗalibarsa, daga baya ta zama tsararsa a aikin, har takan gano abin da ya kuɓuce masa. Sun yi faɗa, sun rabu, sun shirya. Shi mutum ne da baki ba ya iya furta godiya, saboda haka da ya samu sabon nau'in ƙudan zuma a cikin waɗanda yake kiwo a saman gida, sai ya raɗa masa sunanta. A ƙarshen shirin, da ya gano tana fama da ciwon daji, ya fasa tafiyar da ya shirya, ya zauna har ta samu sauƙi. Babu zobe, babu waƙa, amma mai kallo ya san ya ga amana.

Akwai abin da ba zai ɗauku daga Elementary zuwa ƙasar Gumel ba: su biyun gida ɗaya suke zaune, kuma babu mai cewa a kwaikwayi wannan. Wanda ya fi kusa da rayuwar ƙananan garuruwan Jigawa shi ne Broadchurch, shirin tashar ITV ta Birtaniya da aka yi daga 2013 zuwa 2017.

Broadchurch ƙaramin gari ne a bakin teku, irin wanda kowa ya san uwar kowa. Ellie Miller, wadda Olivia Colman ta fito a matsayinta, ƴar gari ce, matar aure mai ƴaƴa biyu. Ta dawo daga hutu tana sa ran ƙarin girma, sai ta tarar an ba wani baƙo mai ɗaure fuska, Alec Hardy, kujerar da aka yi mata alkawari. David Tennant ne ya hau wannan matsayi. Ba su ko gama gaisawa ba aka tsinci gawar yaro ɗan shekara 11 a bakin ruwa. Ita ta san kowa a garin, tana jin nauyin tuhumar maƙwabta. Shi bai san kowa ba, kuma bai yarda da kowa ba. Kowannensu yana da abin da ɗayan ya rasa, kuma ba don suna son ganin juna suke zama mota ɗaya ba.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, domin dole a fasa ƙwan: wanda ya kashe yaron mijin Ellie ne. Hardy ne da kansa ya zaunar da ita ya faɗa mata. Gari ya juya mata baya, ana tambayar yadda za a yi ƴar sanda ta kwana ɗaki ɗaya da mai kisa ba ta sani ba. Mutumin da ya ci gaba da ɗaukar ta a matsayin ƙwararriya, ya jawo ta cikin wani binciken domin kada ta zauna baƙin ciki ya cinye ta, shi ne wannan baƙon da ta tsana a ranar farko. A irin labaran da aka saba gani, nan ne daidai wurin da za a ce ga bazawara ga tuzuru, sai a ɗaura. Marubucin shirin, Chris Chibnall, bai yi haka ba, kuma rashin yin hakan ne ya bar wa taimakon Hardy darajarsa. Da a ce yana da wata manufa, da duk alherin da ya yi mata ya koma toshi.

Zango na uku na shirin ya buɗe ne da wata mata da aka yi wa fyaɗe. An ɗauki lokaci ana nuna yadda Ellie ke zama kusa da ita tana lallashi, Hardy kuma yana ja da baya idan wurin ba nasa ba ne, har aka kai ta cibiyar da ake duba waɗanda aka ci zarafinsu. Aiki ne da mutum ɗaya ba zai iya ba, kuma jinsi ɗaya ba zai iya ba.

Ga masu ganin cewa wannan al'adar Turawa ce, ga misali daga ƙasar da Kannywood ta fi kwaikwayo. Delhi Crime, wanda Netflix ta fitar a 2019, an gina shi ne kan binciken fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a birnin Delhi a Disambar 2012. Shefali Shah ce ta fito a matsayin Vartika Chaturvedi, babbar jami'ar da ke jagorantar binciken, Rajesh Tailang kuma shi ne Sufeto Bhupendra Singh, na hannun damanta. Tana da miji da ƴa, shi ma yana da iyali, yana ma cikin neman wa ƴarsa miji, aikin ɗan sanda yana kawo masa cikas. Kwana da kwanaki suna aiki babu barci, tana ba da umarni yana bi, idan ta fusata shi ke sanyaya ta. Babu rawa a kan dutse. Shirin ya ci kyautar Emmy ta duniya a 2020.

A nan gida Najeriya ma an taɓa gwadawa. Crime and Justice Lagos, wanda Showmax ta fitar a ƙarshen 2022, ya haɗa Folu Storms a matsayin Kelechi Farasin da Jammal Ibrahim a matsayin Danladi Dikko, jami'ai biyu a wani sashe na binciken manyan laifuka a Legas. Ga mai suna Danladi yana aiki kafaɗa da kafaɗa da mace a matsayin abokiyar aiki. Abin takaicin shi ne da Turanci yake magana, kuma an fitar da shi ne a manhajar da sai an biya kuɗin wata, wadda ba ta kai ga mafi yawan masu kallo a Gagarawa ko Sule Tankarkar ba.

Gadon da Kannywood ta ɗauko

Ba daga sama wannan ɗabi'a ta faɗo ba. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi rubutu mai yawa kan yadda fim ɗin Hausa ya taso a inuwar fim ɗin Indiya, ya ɗauko soyayyar mutum uku, da auren dole, da rawa da waƙa. Waɗannan su suka sayar da kaset, suka sayar da faifan CD, yanzu kuma su ke tara masu kallo a YouTube. Furodusan da ya ci bashi ya yi fim ba zai so ya yi caca da abin da bai taɓa gani ya yi kasuwa ba. Wannan uzuri ne, kuma ba na banza ba ne.

Amma akwai wani abin mamaki a nan. Tun bayan kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, ƴan wasa maza da mata ba sa taɓa juna a fim ɗin Hausa. Kowa yana tuna yadda ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙar ClassiQ. Ke nan masana'antar da aka fi sa wa ido kan soyayya ita ce ta fi kowa nacewa a kanta, kullum tana tafiya a bakin rami, kullum ana cikin rigima da malamai da hukuma. Alhali ga wani irin labari da babu abin yankewa a cikinsa, an bar shi a ƙasa. Jami'ai biyu da ke gardama kan sawun taya a bakin kasuwa ba su da abin da zai tayar wa mai tace fim hankali.

Batun cewa masu kallo ba za su karɓa ba kuwa, Arewa24 ta riga ta rage masa ƙarfi. Kwana Casa'in, da ta fara nunawa a 2019, siyasa ce da cin hanci da aikin jarida a wata ƙirƙirarriyar jiha mai suna Alfawa, kuma jama'a sun bi shi zango bayan zango. Daɗin Kowa ya nuna cewa rayuwar gari guda, da malamansa da ƴan kasuwarsa da ɓata-garinsa, za ta iya riƙe mai kallo shekaru. Mai kallon Hausa ba yaro ba ne. Abin da aka saba zuba masa yake ci, amma hakan bai nuna ba ya son wani tuwon ba.

Abin da ke faruwa a wajen allo

Arewacin Jigawa yanki ne na iyaka. Kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa, kuma daga can mutum ya taka kaɗan ya shiga jihar Damagaram ta Nijar. Inda iyaka take, akwai kwastam, akwai jami'an shige da fice, akwai ƴan sanda. Akwai kuma fasa-ƙwauri da satar shanu da safarar mutane. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an sha jin labarin an tare ƴan mata a wannan yanki ana shirin tsallakawa da su Nijar a kan hanyar Libiya, aka miƙa su ga hukumar NAPTIP. Yarinyar da aka sauke daga mota a tsorace, wadda aka yi wa barazana kada ta yi magana, wa za ta fi buɗe wa cikinta?

Doka ma ta san da wannan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi cewa idan za a caje jikin wanda ake zargi, ɗan jinsinsa ne zai yi, sai in akwai gaggawar da ta hana. A 2021 Jigawa ta amince da dokar hana cin zarafin mutane, mai ɗauke da hukunci mai tsanani kan fyaɗe. Sai dai doka ba ta ɗaukar jawabi da kanta. Uwar da ta kawo ƴarta ƴar shekara tara caji ofis tana buƙatar mace ta zauna da su a ɗaki, kuma wannan macen tana buƙatar abokan aiki maza da za su fita da ita a kamo wanda ake zargi, su kai fayil kotu, su tsaya a kai idan masu ƙarfi suka fara zuwa neman a sasanta a gida.

Tun 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Najeriya, amma hanyarsu ba ta taɓa zama mai sauƙi ba. Sai a 2012 wata babbar kotun tarayya a Legas ta soke ƙa'idar da ta tilasta wa ƴar sanda neman izinin kwamishina kafin ta yi aure. Wannan shingen hukuma ke nan. Shingen unguwa ya fi shi tsawo. Yarinyar da ta gama Kwalejin Ilimi ta Gumel ta ce tana son kaki, abin da iyaye za su fara tunawa ba harsashi ba ne, bakin mutane ne. Za ta yi aikin dare. Za a gan ta a motar sintiri da maza. Za a ji wani Saja ya kira ta a waya bayan isha'i. A garin da kowa ya san kowa, wannan ya isa dangin manemi su ja da baya, ko miji ya ce a zaɓa tsakanin aikin da ɗakin.

Fim ba shi ya ƙirƙiro wannan zato ba, amma kullum yana ba shi ruwa. Duk shirin da ya nuna cewa namiji da mace ba za su haɗa kwana bakwai a ofis ba sai zuciya ta motsa, ya ba mai gulma hujja kyauta. Uban da ya kalli irin wannan sau ɗari, ba a yi masa adalci ba idan aka ce ya cika zargi don ya hana ƴarsa cike fom.

Maganar malamai

Akwai masu adawa da wannan kira, kuma hujjarsu tana da nauyi. Za su ce Musulunci ya hana namiji da mace da ba muharramai ba su keɓance, kuma fim ɗin da ke nuna irin wannan shaƙuwa zai iya zama ƙofar da za a riƙa fakewa da ita, a ce ai aboki ne kawai. Za su ƙara da cewa zuciya ba ta da ƙashi, kuma abin da ya fara da aiki yakan ƙare a wani wuri. Babu mai hankalin da zai ce hakan ba ya faruwa.

To amma a duba abin da ake da shi yanzu. Mata suna aiki tare da maza a asibitin Gumel, a sakatariyar ƙananan hukumomi, a makarantu, har a hukumar Hisba, wadda ke da dakarunta mata. Wannan ya riga ya zama rayuwa. Tambayar da ta rage ita ce wane irin misali ake ajiye wa matasan da za su shiga waɗannan wurare. Idan abin da suka gani a fim shi ne abokiyar aiki farauta ce, da wannan idon za su shiga ofis. Idan kuwa suka ga jami'in da ke barin ƙofa a buɗe in sun zauna tattauna fayil, wanda ba ya fita bincike da ita sai da direba ko kurtu na uku, wanda ke taka wa abokinsa birki in ya fara maganar banza a kanta, sun ga yadda ake aiki tare ba tare da an tsallake iyaka ba. Fim ɗin da ya nuna haka ya fi kusa da abin da malamai ke wa'azi a kai fiye da wanda ake rawa a lambu.

Harshen Hausa ma bai rasa kalmomin wannan dangantaka ba. Akwai amana, akwai mutunci, akwai ganin girma, akwai kunya. Bahaushe ya san yadda ake mayar da bare ɗan gida: a kira shi Yaya, a kira ta Anti ko Hajiya, matarsa ta aika mata da naman Sallah, mijinta ya je masa gaisuwar rasuwa, ƴaƴansa su tashi suna kiran ta Gwaggo. Irin wannan zumunci yana nan a unguwanni da ma'aikatu, marubutan fim ne kawai ba su ɗauke shi a matsayin labari ba.

Yadda zai iya kasancewa

A ɗauka an kafa shiri a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Sufeto mace ce, an turo ta daga Dutse, tana da miji malamin makaranta da ƴaƴa uku. Saja ɗan ƙasa ne, ya kusa ritaya, ya san kowane dillali a kara da kowace ɓarauniyar hanya da ake bi da babur a tsallaka iyaka, kuma bai taɓa zaton mace za ta ba shi umarni ba. A makon farko yana kiran ta ranki ya daɗe da baki kawai. Ita tana da ilimin takarda da na waya, ta san yadda ake bin layin da aka kira. Shi ya san wane mai unguwa ne za a fara gaisarwa kafin a shiga gari, ya san cewa a rigimar manomi da makiyayi wanda ya fara kai ƙara ba lallai shi ne mai gaskiya ba. Ita za ta shiga cikin gida inda shi ba zai wuce zaure ba. Shi zai zauna a majalisar mai shayi inda ita ba za ta zauna ba. In suka haɗu da yamma, kowa ya zo da rabin labari.

A nan akwai abin dariya, akwai tashin hankali, akwai ranar da zai yi kuskuren da zai iya cin aikinsa ita ce kaɗai ta sani, akwai ranar da wani babba zai nemi a rufe fayil a ga wanda zai tsaya da wani. Ita kanta gulmar gari labari ce: a nuna yadda take tashi, da wanda take ƙonawa, da yadda matar Saja ke kashe ta da kalma ɗaya a gidan suna.

Kuɗin yin wannan bai fi na sauran ba. Ba a buƙatar gidan bene na haya ko jerin motoci masu tsada, ana buƙatar marubucin da zai zauna da tsofaffin ƴan sanda da ma'aikatan kotu ya ji yadda ake aikin da gaske. Rundunar ƴan sandan Jigawa da hukumomi irin su NAPTIP, waɗanda ke kashe kuɗi a kan tarukan wayar da kai da ba kowa ke halarta ba, suna da dalilin buɗe wa irin wannan marubuci ƙofa, matuƙar ba za su ce sai an wanke su tas ba. Gidan talabijin na jihar da tashoshi irin su Arewa24 kuma suna da dalilin ba shi fili.

Wahalar tana zuwa ne bayan shirin ya karɓu. Wajen kashi na ashirin, masu sharhi a YouTube da Facebook za su fara roƙon a kashe mijin Sufeto a haɗarin mota, ko a ce Saja yana da gurbin ta biyu. Mai talla zai kira furodusa, furodusa zai kira marubuci. Doherty ya tsaya a kan bakansa shekara bakwai a Amurka. Duk wanda zai yi na Hausa ya kamata ya rubuta wannan sharaɗi a takardar yarjejeniya tun kafin a kunna kyamara.